Daga Bebeji zuwa Fanisau: Tsofaffin Gine-ginen Jihar Kano

Gine-ginen tarihi da doka ta hana a taɓa a Jihar Kano ba su da yawa, in aka auna da tsufan ƙasar da yawan garuruwanta masu ganuwa. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa tana riƙe da jerin wurare 65 da aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa a faɗin Najeriya, kuma abin da Kano ta samu a ciki shi ne Gidan Makama, da ganuwar birni tare da ƙofofinta, da tsohon masallacin Bebeji. Zane-zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu ma a lissafin Kano suke a da, sai dai sun bi Jigawa lokacin da aka yanke ta a 1991. Bayan wannan jeri, a 2007 Najeriya ta miƙa wa UNESCO sunan ganuwar Kano, haɗe da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Sarki, cikin wuraren da take fatan a ɗaga su zuwa kayan tarihin duniya, kuma har yanzu suna layin jira. Sai kuma abin da jihar ke kula da shi da kanta ta hannun Hukumar Tarihi da Al'adu, wadda ke zaune a Gidan Ɗan Hausa.

Dokar da ta fara ba gwamnati ikon ɗora hannu a kan tsohon gini ta ce kada a rushe shi, a 1953 aka yi ta, zamanin Turawa. A 1979 gwamnatin soja ta maye gurbinta da doka mai lamba 77, wadda ta kafa hukumar da ake da ita yanzu. Ƙa'idarta a fili take: duk ginin da ya shiga jeri, ba mai rushe shi ko sauya masa fasali sai da izinin hukuma, ko da kuwa mai shi ne. Amma tarar da aka yanka wa mai laifi tun zamanin da naira ke da ƙarfi aka yanka ta, yau ba ta tsorata kowa. Kuma kusan duk gine-ginen nan na ƙasa ne, ginin ƙasa kuwa takarda ba ta tare masa ruwa. Abin da matafiyi zai yi ta gani daga wannan gini zuwa wancan shi ne, wanda ke da jama'a a ciki yana nan da ransa, wanda aka bar wa doka ita kaɗai kuwa yana narkewa a hankali.

Wanda ya taso daga Zariya ya bi babban titin Kano, kafin ya kai birni da tafiyar kamar awa ɗaya zai ratse zuwa Bebeji. Tsohon zango ne na fatake a kan hanyar da ta haɗa Kano da Zazzau, ta kuma zarce har Gwanja inda ake sayo goro. Agalawa sun zauna a nan, kuma a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Ta wannan hanya ce rundunar Kanar Morland ta biyo bayan ta bar Zariya ran 29 ga Janairu 1903. Mutanen Bebeji suka rufe ƙofa suka ƙi buɗewa, harsashin igwa ya fasa ta, aka kashe sarkin garin da wasu daga jama'arsa, rundunar ta wuce zuwa Kano. Masallacin da ya sa sunan garin ya shiga jerin ƙasa ginin ƙasa ne, kuma a takardun hukuma masallacin Haɓe ake kiransa, saboda ana danganta shi da zamanin da ya rigayi jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Darajarsa a nan take, domin masallatan ƙasar Hausa da suka kai wannan tsufa ba su da yawa a tsaye. Yawanci al'umma ta yi arziki ta rushe nata, ta ɗora na bulo da siminti a gurbinsa, da kyakkyawar niyya kuma.

Kafin a shiga birni ya kamata a san yadda ake irin wannan gini, don ta nan ne za a gane abin da ke kashe shi. Magini ba ya fara aiki sai an haƙo ƙasa, an jiƙa ta, an zuba mata yankakkiyar ciyawa, an tattake ta da ƙafa, an bar ta ta kwana biyu tana ruɓa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Ana jera shi a tsaye, gindi ƙasa, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya taso da kauri a ƙasa yana sirancewa yayin da yake hawa. Rufi kuwa na azara ne, wato tsagin itacen giginya, wanda gara ba ta cika cinsa ba. Matsalar azara ita ce ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar mita biyu. Dabarar da magina suka yi wa wannan ita ce bakan gizo: a dasa azara a jikin bango ta leƙo ciki, a ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, hawa-hawa, daga ɓangarori biyu, har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. In bakan gizo suka giciye juna a tsakiyar ɗaki, an sami ɗaurin guga, wanda shi ke ba da soro mai faɗi da tulluwa a kansa ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Wannan ita ce ƙololuwar gwanintar maginan Hausa, kuma ita sarakuna da attajirai ke nema su nuna isa da ita.

Sai batun ruwa. A saman gini ana ɗaga rawani a kewaye, a fitar da zankwaye a kusurwoyi, a sa indararo ya jefa ruwan rufi nesa da gindin bango. Jikin bangon kuma a yaɓe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuma da laso, wanda ya fi ta ƙarko da tsada. Laso haɗi ne na katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, da gashin da majema ke kankarewa daga fata, da ruwan dafara mai danƙo. Ke nan magini yana dogara da marini da majemi. Kowace shekara, kafin ruwan farko ya sauka, sai an hau rufi an toshe tsaga, an buɗe indararo, an sabunta yaɓe inda ya zube. In aka tsallake shekara biyu ko uku, markar watan Agusta za ta sami hanya ta kai ga azara, daga nan kuma sai rufi ya zauna.

Daga Bebeji titi ya bi ta Kura ya shigo Kano ta kudu. Mai son ganin ganuwa sosai sai ya juya yamma ya kama titin da ya nufi tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, domin a wannan gefe ne ragowar badala ta fi tsawo a jere. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin, aka ƙarasa a zamanin ɗansa Tsaraki. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta wajen kudu da gabas don ta rungumi sabon gidan da ya gina. A zamanin Muhammadu Nazaki, 1618 zuwa 1623, aka sake tura ta yamma, kuma wannan ƙarin ne ya haifar da ƙofofi irin su Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga. Ganuwar ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Da gangan aka bar fili mai yawa a ciki, gonaki da makiyaya da kududdufai, don in abokan gaba suka yi wa birni zobe a sami abin ci, mutanen karkara kuma su sami inda za su fake da dabbobinsu. Kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, mai rufewa da almuru ya buɗe da asuba. Gyaran ganuwa kuwa aikin gayya ne, in damina ta ɗauke a raba wa jama'a, kowa da yankinsa.

A rahoton da Lugard, shugaban Turawan mulkin Arewa, ya aika Ingila bayan cin Kano ya ba da kewayen ganuwar mil 11, ƙofofi 13, tsayi ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindi kuwa ƙafa 40. Ran 3 ga Fabrairu 1903 igwar Morland ta yi ta dukan wajen Ƙofar Dukawuya ba ta yi wa ginin komai ba, sai da suka matsa Kabuga sannan suka sami shiga. Sarkin Kano Alu ba ya gari a lokacin, ya tafi Sakkwato, Sarkin Shanu ne ya tsaya da 'yan mutanen da aka bari, ya mutu yana kare gidan sarki. Abin da igwa ta kasa, zaman lafiya ya yi shi. Da yaƙi ya ƙare, ganuwa ta rasa aikin yi, gayya ta mutu, ba wanda ya sake ɗora mata ƙasa. Masu gini suka mai da ita wurin ɗiban ƙasa kyauta, ruwa ya tsaga ta, aka yanka filaye a jikinta aka yi gidaje da shaguna da garejin kanikawa. Yau a wurare da yawa tudu ne kawai mai ciyawa da yara ke hawa, a wasu wuraren ma sai dattijo ya nuna da yatsa ya ce ta nan ta bi.

Ƙofofin sun fi ganuwar sa'a ta fuskar suna, ba ta fuskar jiki ba. An gina su ne don raƙumi da jaki da mahayin doki, kuma an ƙuntata su da gangan don mahara su kasa shigowa a jere. Mota ba ta san wannan ba. Tun a 1937, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka huda Sabuwar Ƙofa. Daga baya aka yi ta rushe tsofaffin ana faɗaɗa titi, ana gina wasu da siminti a shafa musu jan fenti su yi kama da ƙasa. Ƙofar Na'isa, wadda ta daɗe a tsaye da tsohon jikinta, a 2010 aka rushe ta saboda aikin hanya, duk da tana cikin abin da dokar ƙasa ta kare. Yanzu akwai gadar ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya, da gadar sama a Ƙofar Nasarawa. Ba mai musun cewa birni mai miliyoyin mutane yana buƙatar hanya. Amma ana iya ratsa titi ta gefen ƙofa a bar ta tsaye, kamar yadda tsofaffin birane da yawa suka yi, kuma abin takaici ne a ce an zaɓi rushewa alhali akwai wannan mafita. An taɓa yin gyara a wani yanki na badala da tallafin gwamnatin Jamus a shekarun 2000, aikin ya yi kyau, sai dai gyaran ginin ƙasa ba a yinsa sau ɗaya a tafi.

In aka shigo ta Ƙofar Nasarawa aka miƙe a titin gidan sarki, Gidan Makama zai bayyana kafin a kai Ƙofar Kudu, da jan bangonsa mai zane da zankwayensa. Ruwayar da aka fi ji ita ce an gina wa Rumfa shi ne tun yana riƙe da sarautar Makama, kuma a ciki ya zauna kafin a gama masa fada. Bayan 1903 Turawa sun yi ofis a cikinsa na wani lokaci. Daga baya aka raba gidan uku: wani sashe ya zama makaranta, wani ya zauna a hannun Makaman Kano, na ukun ya zama gidan adana kayan tarihi. A 1959 aka ayyana shi a matsayin kayan tarihin ƙasa, yana cikin na farko-farko a Arewa. Ɗakunan nuni 11 ne. A cikinsu akwai ƙyamaren ƙarfe na tsofaffin ƙofofin birni, har da na Kabuga, da manyan tukwane da aka tono daga ƙasa, da taswirar ganuwa, da sulke da lifidi da sauran kayan doki, da hotunan sarakuna da na zuwan Turawa, da bayanin Basasar 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukur da Yusufawa, da kayan kiɗan fada, da ɗakin amarya da jerensa.

Duk da haka, babban abin kallo a gidan shi ne gidan kansa. Mai ziyara ya ɗaga kai a zaure ya ga yadda bakan gizo suka taso daga bango suka haɗu a sama, da yadda aka jera azara tsakaninsu sahu-sahu, wani sahu a miƙe wani a karkace, har rufin ya zama ado ba tare da an ƙara masa komai ba. Da tsakar ranar bazara, lokacin da kwalta ke tiriri a waje, cikin sorayen da sanyi, saboda bango mai kauri yana shanye zafin rana ne a hankali, ba ya sakinsa sai dare. Ɗaliban makarantu su ne suka fi zuwa, ayari-ayari da malamansu. Ɗaliban koyon zanen gini ne ya kamata su fi kowa zama a nan, da ma'auni da takarda, domin tambayar yadda za a zauna a Kano ba tare da dogaro da wutar lantarki don sanyaya ɗaki ba, tsofaffin magina sun riga sun amsa rabinta.

Tsallaken fili kaɗan sai Gidan Rumfa, wato gidan sarki. Faɗinsa ya kai eka 33, a miƙe daga kudu zuwa arewa, da nasa bangon da ya raba shi da gari. Tun ƙarshen ƙarni na 15 sarakunan Kano ke zaune a ciki, Haɓe da Fulani, ban da 'yan lokutan rikici, kuma gidajen sarauta kaɗan ne a Afirka za su iya faɗin haka. A zamanin Rumfa ne malamin nan Muhammadu al-Maghili ya sauka Kano ya rubuta wa sarki littafi a kan wajibban masu mulki, zuriyarsa kuma suna nan a unguwar Sharifai. Fuskar gidan ta asali arewa take kallo, wajen kasuwa da tsohon gari. Ƙofar Kudu, wadda yau ita ce babbar mashiga kuma a gabanta ake jahi ranar hawa, ana danganta ta da Sarki Abdullahi Maje Karofi a ƙarni na 19. Soron Ingila, inda ake karɓar manyan baƙi, na zamanin Abdullahi Bayero ne. Baƙo ba ya wuce sorayen waje, su ma sai da izini da rakiyar dogari. Can ciki gidan iyali ne, da sassan matan sarki da na bayin sarki da ma'aikata, da makaranta da maƙabarta da lambu.

Gidan Rumfa ba ya cikin wurare 65 ɗin nan, amma ya fi ganuwa lafiya nesa ba kusa ba, saboda ba a taɓa barinsa ba kowa ba. Kowane sarki ya zo ya gyara, ya rushe wani sashe, ya ƙara wani. Wannan yana da nasa farashi: siminti da kwano da fenti sun shiga wurare da dama, kuma ba kowane sabon gini ne ya yi ladabi ga na kusa da shi ba. Amma gidan da ake zaune a ciki dole ya sauya, kuma sauyin da ya bar sorayen fada a tsaye da zanensu ya fi tsarkin da zai bar su kango. Masallacin Juma'a da ke arewa da gidan shi ya nuna ɗaya ƙarshen lamarin. Tsohon masallacin ƙasa da doguwar hasumiyarsa an sauke su gaba ɗaya, aka gina wanda ake gani yanzu, mai koriyar ƙubba da hasumiya biyu, a farkon shekarun 1950. Na dā sai a hoto.

Daga masallaci zuwa Kasuwar Kurmi tafiyar ƙafa ce ta cikin lunguna, kuma a nan ne ake ganin gidajen da ba su shiga kowane jeri ba. Rumfa ne ya kafa kasuwar a gefen Jakara, ita ce kuma ta karɓi ayarin Agadas da Ghat da Gadamas da Tarabulus shekaru ɗaruruwa. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya yi mamakin yawan tufafin Kano da ake fitarwa daga nan zuwa ƙasashe masu nisa. Rumfunan yanzu ba na wancan zamani ba ne, an sake tsara kasuwar tun farkon mulkin Turawa, amma ƙuncin layukan da rabon sana'o'i, nan 'yan sirdi da linzami, can 'yan turare, can dukawa, suna nan. A unguwannin da ke kewaye, irin su Dandalin Turawa inda Larabawan fatake suka zauna, da Koki da Sharifai, har yanzu ana cin karo da tsohon zaure mai zanen dagi a goshi, ko bene na ƙasa mai ƙananan tagogi. Waɗannan su suka fi saurin ɓacewa. Mai gida ya rasu, a zo rabon gado, magada su yi yawa, a sayar, mai saye ya rushe ya yi shaguna. Ba wanda ya karya doka, domin ba dokar da ta san da gidan. Birnin Agadas, wanda UNESCO ta karɓi tsohon garinsa a 2013, unguwanni aka kare a can, ba gini ɗaya-ɗaya ba, kuma irin wannan ne cikin birnin Kano ya rasa.

Karofin Ƙofar Mata, wanda ake ba da shekarar kafuwarsa 1498, yana gabas da nan. Rijiyoyin rini da yawa sun cike da shara, kaɗan ne ke aiki, kuma raguwarsu ta shafi gini kai tsaye, tunda daga nan katsin laso ke fitowa. Dutsen Dala kuwa ba gini ba ne, amma daga kansa ake gane tsarin duk abin da aka zagaya. A gindinsa aka sami alamun narkar da tama tun wajen ƙarni na 7, a nan kuma tarihi ya ajiye Barbushe da Tsumburbura kafin zuwan Bagauda a 999. Wanda ya hau matakalar ya kai sama zai hango Goron Dutse a yamma, da hasumiyoyin masallaci da itatuwan gidan sarki a kudu, da rufin kwano iyakar ganinsa. Hotunan da aka ɗauka daga nan a farkon ƙarni na 20 rufin ƙasa suke nunawa ko'ina.

Gidan Ɗan Hausa yana wajen ganuwa, a Nasarawa, ɓangaren da Turawa suka zauna. Hanns Vischer, haifaffen Basel a ƙasar Suwizalan, ya fara zuwa ƙasar Hausa ne tare da 'yan mishan, daga baya ya shiga aikin gwamnatin Ingila. A 1906 ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno. Jin Hausarsa ne ya sa Kanawa suka laƙaba masa Ɗan Hausa. A 1909 ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa a nan Nasarawa, inda aka tara malamai da 'ya'yan sarakuna daga larduna, kuma a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko. Duk mai karanta Hausa a jarida ko littafi yau yana da alaƙa da wannan gida, ko ya sani ko bai sani ba. Maginan Kano ne suka gina shi da tubali da azara, bene ne, da zane a fuska da cikin ɗakuna, sai dai tagogi da tsarin ɗakunan sun bi buƙatar Bature. Ya nuna cewa ginin Hausa yana iya karɓar sabuwar buƙata ba tare da ya bar kayansa ba, hanyar da aka fara bi aka watsar. Kasancewar ofishin hukuma da ɗakin nuni suna ciki, da masu sana'ar hannu da ke zama a harabar, ya sa ana lura da rufinsa.

Akwai wani aiki da ya kamata a ambata a nan, ko da yake ba a Kano aka ajiye shi ba. Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Poland, ya fara auna tsofaffin gine-ginen Najeriya tun ƙarshen shekarun 1950, shi da mataimakansa 'yan ƙasa, suna zana su ɗaki-ɗaki. Daga wannan aiki ne aka gina gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, inda aka kwaikwayi wani yanki na ganuwar Kano da cikakken tsayinsa, da masallacin Zariya wanda magini Babban Gwani ya gina. Littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990, bayan rasuwarsa. Wasu gidajen da ya auna sun riga sun rushe, zanensa ne kaɗai shaidar yadda suke. Amma zane ba ya ɗaura azara. Sarautar Sarkin Gini tana nan a Kano, da gidajen da suka gaji sana'ar, sai dai yaro ba ya koyon aikin da ba mai ba da kwangilarsa. In gwamnati da masarauta suna son a sami mai gyara Gidan Makama nan da shekara talatin, hanyar ita ce a riƙa ba waɗannan magina aiki yanzu, a makarantu da ɗakunan karatu da masaukin baƙi, ba sai ranar da soro ya tsage ba.

Zangon ƙarshe yana arewa da birni, bayan filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, a ƙaramar hukumar Ungogo. Fanisau ribaɗi ne da Sarki Ibrahim Dabo, 1819 zuwa 1846, ya ƙarfafa a lokacin da yake fama da Ɗan Tunku, wanda ya tayar masa daga arewa. An zaɓi wurin ne saboda duwatsun da suka kewaye shi. A nan Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya je ya gai da Dabo a 1824, domin sarki yana sansani a lokacin. Akwai gidan sarki na ƙasa da masallaci a garin, kuma yana ɗaya daga gidajen da sarakunan Kano suka ajiye a wajen birni, kamar na Ɗorayi da na Nasarawa da na Takai. Ba ya cikin jerin kayan tarihin ƙasa. Abin da ya riƙe shi shi ne Hawan Fanisau, wanda sarki ke yi da hakimai a ƙarshen bukukuwan Sallah, ya yini a can ya karɓi gaisuwa ya komo da yamma. A Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake kiyayewa, kuma hanyoyin da hawan ke bi, daga Ƙofar Kudu zuwa Babban Ɗaki (gidan mahaifiyar sarki) da Nasarawa da Ɗorayi da Fanisau, sun ratsa yawancin gine-ginen da ke neman kulawa. Gari ya riga ya cim ma Fanisau, gonakin da suka raba ta da birni sun zama filoti, masu fasa dutse kuma suna cin duwatsun yankin, don haka in za a shata wa gidan da kewayensa iyaka a hukumance, sai a yi tun sauran filin bai ƙare ba.